Faifan taken katun na Japan da na saya: na asali ne ko an cuce ni?

Mai Garmaho:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ga babu inda ya fi dacewa in kawo shi sai nan.

Muna yara a Kaduna babu abin da ke mayar da mu gida da yamma kamar Voltron. Sai da na girma na san ashe tushensa ba Amurka ba ne. Kamfanin Toei na Japan ne ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, Amurkawa suka saya, suka yayyanke, suka sauya kiɗan, suka fitar a 1984. Ranar da na nemi takensa na asali na ji muryar Ichiro Mizuki, daga nan na kamu. Na bi sawunsa baya har zuwa Mazinger Z na 1972. Mutumin ya rasu a Disambar 2022, kuma tun daga lokacin nake burin in mallaki muryarsa a kan faifai, ba a cikin waya kawai ba.

To wata biyu da suka wuce na sayi faifai hannun wani ɗan gwanjo a intanet. Babba ne mai inci 12, waƙa 16, takwas a kowace fuska, duka taken katun na shekarun 1970. Ya iso lafiya, ko ƙwarzane babu. Na goge shi, na ɗora allura, na ja kujera na zauna. Kiɗan Mazinger Z ne kam, amma muryar ba ta Mizuki ba ce. Wani ne daban mai siririyar murya, masu busa ƙahon ma kamar mutum biyu ne kacal. Na juya ɗaya fuskar, haka abin yake. Raina ya ɓaci ƙwarai. Jabu aka sayar mini ko yaya?

Ɗalibin Osaka:
Wa alaikumus salam Baba. Kafin a yanke hukunci, ku taimaka ku ɗauko mana hoton gaban kwalin da bayansa, da takardar nan da ke manne a tsakiyar faifan. In akwai siririyar takardar da suke ɗaura wa kwali a gefe, wadda suke kira obi, ita ma ku haɗa da ita. A nan ake rubuta sunan kamfani da farashi, wani lokaci har da sunayen mawaƙa.

Ina zargin abin da kuka samu shi ne wanda masu tara faifai a nan ke kira pachison. Faifai ne da wani kamfani ya tara makaɗansa da mawaƙansa suka maimaita waƙoƙin da yara ke so, don ba shi da ikon taɓa sautin asali. Suna nan birjik a kwandunan gwanjo, kaset ɗinsu ma ya fi yawa.

Gimbiya:
Ni ban ga abin dogon bincike a nan ba. An ce maka buhun shinkafa ne, ka kwance ka tarar da gero, ai an cuce ka. Baba ku nemi kuɗinku.

Injiniyan Sauti:
'Yata, a yi haƙuri da gaggawa. Na yi shekaru a ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo, kuma kalmar nan “na asali” ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, musamman a wannan fanni.

Abin da yaro ya ji a talabijin gajere ne, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, baiti guda, sauti ta kafa ɗaya. Abin da ke kan faifai kuma cikakkiyar waƙa ce mai baiti biyu ko uku, sau da yawa a sitiriyo, kuma a lokuta da dama ɗauka ce daban da aka yi musamman don faifai. Ko muryar Mizukin ce ka samu, mai kunne zai iya jin bambanci tsakanin na akwatin talabijin da na garmaho. Akwai ma abin da ya fi wannan. Taken Tetsujin 28 na 1963 yana ƙarewa ne da kiran sunan Glico, kamfanin alewar da ya ɗauki nauyin shirin, kuma ba kowane faifai ne ke ɗauke da wannan wutsiyar ba. To wanne ne na asalin, mai talla ko marar talla? Yaron 1963 mai tallan ya sani.

Gimbiya:
Na yarda da wannan Baba Injiniya, amma ai mawaƙin ɗaya ne. Na Baba Mai Garmaho mutum aka sauya ɗungurungum.

Ɗalibin Osaka:
Gaskiya ne Anti, sai dai in aka koma farkon lamarin za a ga sauya mawaƙi ba baƙon abu ba ne. Bari in ɗan ja zaren daga tushe.

Ranar 1 ga Janairun 1963 gidan talabijin na Fuji ya fara nuna Tetsuwan Atom na Osamu Tezuka, wanda duniya ta sani da Astro Boy. Da farko takensa kiɗa ne zalla na Tatsuo Takai, daga baya aka nemi marubucin waƙoƙi Shuntaro Tanikawa ya sa masa kalmomi, ƙungiyar yara maza ta Kamitakada ta rera. A wancan lokaci ba faifan garmaho mai kauri ne ya kai waƙar gidajen mutane ba. Wani falle ne na roba, siriri kamar ganye, mai lanƙwasuwa, galibi ja, da ake kira sonosheet. Kamfanin Asahi Sonorama, wanda aka kafa a 1959 da dabarar da aka aro daga Faransa, shi ne jagora a wannan kasuwa. Ana cusa fallen a cikin ɗan littafi mai zane, a sa waƙar, a ƙara da guntun wasan kwaikwayo, a sayar a shagon littattafai da araha.

Ina da guda biyu da na tsinta a wani shago a unguwar Nipponbashi. Saboda rashin nauyi, in ka ɗora allura sai fallen ya riƙa zamewa, dole ka aza masa kwabo a kusa da tsakiya ya danne shi. Sautin kamar ana magana ta cikin gwangwani, ga ƙarar soye-soye. Amma in ka riƙe shi ka ɗaga sama, haske na ratsa shi.

Abin da nake so in fito da shi: tun a shekarun 1960 waƙa ɗaya tana iya fitowa a hannun kamfanoni da yawa. Mawaƙa a Japan a lokacin kowa na ɗaure da kamfaninsa. In kamfaninka ba shi da mawaƙin da ya rera a talabijin, sai ka sa naka ya rera.

Injiniyan Sauti:
Madalla da wannan bayani. Kuma a shekarun 1970 sai abin ya tattare a hannu ɗaya. Nippon Columbia ta kama kasuwar waƙoƙin da a lokacin ake kira terebi manga, don kalmar anime ba ta bazu ba tukuna. Mizuki nata ne. Mitsuko Horie, wadda ta fara a 1969 tana shekara 12, tata ce. Isao Sasaki da Kumiko Osugi su ma a can suka yi yawancin aikinsu na wannan fanni. Waɗannan huɗun su ake kira sarakunan waƙar katun. Hatta 'yan amshi tana da nata, Koorogi '73 na manya maza da Yurikago-kai na yara. Shi ya sa in ka saurari faifan Columbia na wancan zamani za ka ji kamar gida ɗaya ne ke biki: murya ɗaya a gaba, yara na amsawa a baya, ƙahoni na tashi, kiɗan Chumei Watanabe ko Shunsuke Kikuchi ko Takeo Watanabe.

To kai ƙaramin kamfani ne, kana ganin yara na jan rigar iyayensu a kanti. Me za ka yi? Ba za ka iya sayen sautin Columbia ba. Amma waƙar kanta, wato karin da kalmomin, kana iya biyan haƙƙinta ta hannun JASRAC, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta da masu tsara kiɗa haƙƙinsu tun 1939, sannan ka ɗauki taka. Wannan ba satar fasaha ba ce.

Hajiya 'Yar Omdurman:
Salamu alaikum. Ina bin zancen nan tun ɗazu, na kasa yin shiru.

Mu da muka tashi a Sudan, Grendizer muka sani, kuma muryar Sami Clark muka sani, mawaƙin Labanon da ya rasu a 2022, shekara ɗaya da Mizukin Malam. A Bairut aka juya shirin zuwa Larabci. Sai da ɗana ya kunna mini na Japan a waya na san akwai wani Isao Sasaki da ya rera shi tun 1975. Na saurara da kyau, na yaba, murya ce mai kauri da kwarjini. Amma zuciyata ba ta motsa ba. Da ya mayar da na Larabcin sai ga ni a tsakar gidanmu, an shimfiɗa tabarma, an fito da talabijin waje saboda zafi, yaran maƙwabta sun cika ƙofa.

Don haka Gimbiya 'yata, in aka bi ma'auninki, ni duk ƙuruciyata jabu na saurara. Ni kuwa ban yarda ba.

Gimbiya:
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ba haka nake nufi ba. Sami Clark sunansa na nan, kowa ya san shi ne, ba a ce wa kowa Sasaki ne ba. Abin da ke damuna shi ne a zana hoton shiri a kwali, a jera sunayen waƙoƙi, a ɓoye cewa ba mawaƙan ba ne. Uwa ta cire kuɗin cefane ta saya wa ɗanta, ya kunna ya ji ba shi ba ne. Wannan yaron fa?

Hajiya 'Yar Omdurman:
A nan kam kin yi gaskiya. Ɓoyewar ce laifin.

Ɗan Damagaram:
Ina gaisuwa ga manya. Mu ta ɓangaren Faransanci, Grendizer ɗin nan sunansa Goldorak. Ya fara a tashar Antenne 2 a Yulin 1978, kuma faifan da ya fi tashe shi ne wanda wani matashi Noam ya rera, Haim Saban ya shirya. Wannan ma ba karin Japan ba ne sam, sabuwar waƙa ce aka tsara a Faransa. Wana ne ya kawo mana ƙaramin faifan, mai juyi 45, lokacin da ya dawo daga karatu. Mun fi shekara muna jin waƙar kafin mu ga shirin da idonmu a bidiyo. Wato mu faifan ne ya riga hoton isowa.

Tambayata ga ɗalibinmu: yaushe Japanawan da kansu suka fara ɗaukar waɗannan waƙoƙi a matsayin abin adanawa? Don abin yara ai ba a cika tattala shi ba.

Ɗalibin Osaka:
Yaya, wannan ita ce tambayar da na fi so. A tsakiyar shekarun 1970 ne. Yaran da suka kalli Atom a 1963 sun zama samari, suna jami'a, wasu sun fara ɗaukar albashi. Columbia ta fitar da wani kundi na manyan faya-fayai huɗu mai suna Terebi Manga Shudaika no Ayumi, ma'ana tafiyar da taken katun na talabijin ya yi, ta jero waƙoƙin tun daga farko. Duba bambancin: faifan da aka saba yi na yara ne, a tara abin da ake yayi a wannan kakar, shekara na zagayowa a manta da shi. Wannan kuwa waiwaye ne, an yi shi don wanda ke son ya ajiye.

Sai Yamato ya zo ya ƙarasa aikin. Shirin jirgin yaƙin sararin samaniya ne da aka fara a 1974, Sasaki ya rera taken, Hiroshi Miyagawa ya tsara kiɗa, Yu Aku ya rubuta kalmomi. Bai samu masu kallo sosai a karon farko ba, sai da aka maimaita shi sannan samari suka rungume shi. Da fim ɗinsa ya fito a 1977 har kwana aka yi a layi. A ƙarshen wannan shekarar Columbia ta fitar da kiɗansa da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, irin ta manyan ɗakunan kiɗa, a babban faifai. Daga nan kamfanoni suka gane akwai baligai masu kuɗi a aljihu da ke son wannan kaya.

Injiniyan Sauti:
Sai dai ina so a lura da wani abu, kuma shi ne ya sa ban yarda a ɗauki kowane kundi a matsayin cikakken tarihi ba. Kundi yana nuna maka abin da kamfanin ke da iko da shi ne. Gundam na 1979 King Records ce ta fitar da takensa, har ta buɗe reshen Starchild a 1981 don wannan kasuwa. Macross na 1982 da mawaƙiyarsa Mari Iijima suna hannun kamfanin Victor. A 1983 Anri, wadda mawaƙiyar zamani ce da ba ta da alaƙa da waƙar yara, ta rera taken Cat's Eye ya hau na ɗaya a Oricon, jadawalin cinikin faya-fayai na Japan. A 1987 ƙungiyar TM Network ta yi waƙar rufe shirin City Hunter. Kowanne da kamfaninsa. Mai haɗa kundi yana da hanya uku: ya nemi izini ya biya, ya tsallake waƙar kamar ba a taɓa yin ta ba, ko ya sa wani ya maimaita. Ko manyan kamfanonin sukan bi hanya ta uku in sun rasa yadda za su yi.

Saboda haka in ka ga wata shahararriyar waƙa babu ita a kundi, kada ka ce ba ta yi tashe ba. Duba tambarin da ke kan kwalin tukuna.

Ɗan Damagaram:
To su waɗannan mawaƙan da ake haya, su wane ne? Ba a san ko ɗaya ba?

Ɗalibin Osaka:
Yawancinsu ma'aikatan sitidiyo ne da ake biya kuɗin zama ɗaya, ko a bar sunansu ko a sa na aro. Amma kada a raina su duka. Masato Shimon, wanda ya rera taken Gatchaman a 1972, ya yi aiki da sunaye daban-daban, kuma ya maimaita waƙoƙin wasu da dama. Shi ne fa ya rera wata waƙar yara ta 1975 da ta sayar da kwafi sama da miliyan huɗu, ƙaramin faifan da ya fi kowane ciniki a tarihin Japan. Akwai masu tara faifai a nan da ba abin da suke nema sai irin waɗannan maimaici, suna saurare suna ƙoƙarin gano murya.

Mai Garmaho:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Ga hotunan nan na tura, guda huɗu. Babu obi, ban same shi da ita ba. Yanzu da na ƙura wa zanen ido na lura ƙahonin mutum-mutumin ba irin na Mazinger ba ne, sun fi tsawo, ƙirjinsa ma launin ya bambanta. Da ɗoki ya rufe mini ido ban gani ba.

Ɗalibin Osaka:
Na duba Baba. Ba Columbia ba ce. A bayan kwali an jera sunan kowace waƙa da marubucinta da mai kiɗanta, amma gurbin mawaƙi babu kowa, sai sunan ƙungiyar makaɗa guda a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Tambarin JASRAC na nan a takardar tsakiya, wato an biya haƙƙin waƙoƙin. Zanen kuma an karkata shi ne da gangan, tunda ba su sayi izinin hoton ba. Faifan na wancan zamanin ne na gaske, ba sabon bugu ba ne aka tsofar da shi. Maimaici ne kawai.

Gimbiya:
To shi ɗan gwanjon me ya rubuta a tallarsa? A nan maganar take.

Mai Garmaho:
Na koma na karanta 'yata. Ya rubuta sunayen shirye-shiryen, ya rubuta shekarun, bai ambaci mawaƙi ko ɗaya ba. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi abin da ya kamata ya faɗa ba, kuma ina da yaƙinin ya sani. Na rubuta masa na gaya masa haka, cikin mutunci.

Faifan dai ba zan mayar ba. Daren jiya bayan isha'i na sake kunna shi, wannan karon ban sa ran jin Mizuki ba. A waƙa ta biyar ta fuska ta biyu akwai wata mace da ta rera taken Candy Candy. Ba Horie mai waƙar ta asali ba ce, muryarta ta fi ƙasa, kuma a ƙarshen baiti na biyu ana jin ta ja numfashi kafin ta ɗaga. Na mayar da allura wurin sau uku. A gefen kwalin ta ciki kuma akwai rubutu da fensir, hannun yaro, baƙaƙen sun karkace, da wani ɗan zanen tauraro. Wani yaro ya mallaki faifan nan har ya sa masa alama don kada a ɗauke masa.

Hajiya 'Yar Omdurman:
Allah sarki. Kada ka goge rubutun nan Malam.

Gimbiya:
Ni har yanzu ina nan a kan bakata cewa ya kamata a rubuta wa mai saye gaskiya a gaban kwali. Amma Baba in da hali ku ɗauko mana muryar matar nan mu ji.

Injiniyan Sauti:
In za ka ɗauka, kada ka kara waya a bakin lasifika. Ka ja waya daga bayan amfilifaya zuwa kwamfuta, ka wanke faifan da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, ka bi da'irar layukan, kada ka gitta su. Ka bar shi ya bushe a inuwa, a tsaye.

Mai Garmaho:
In sha Allahu ranar Lahadi zan yi. Ɗana na Osaka, wata alfarma nake nema. In ka ci karo da kundin nan na Columbia mai faifai huɗu, ko ƙaramin faifan Mazinger Z mai sunan Mizuki a rubuce, ka tambayar mini farashi.

Ɗalibin Osaka:
An gama Baba. Ƙarshen wata zan je Tokiyo, zan leƙa shagunan Nakano. In na samu zan turo muku hoton takardar tsakiya ku gani da idonku kafin in biya. Wajen aikowa kuma zan zare faya-fayan daga kwalinsu in jera su a gefe, don kada kaifinsu ya tsaga kwalin a hanya. Ku dai ku tanadi wuri mai sanyi, kada a bar kunshin a cikin mota da rana, zafin Kaduna zai lanƙwasa su.

Ku ƙara ɗauko mini hoton rubutun fensir ɗin nan kusa-kusa, da haske sosai. Ina so in karanta abin da yaron ya rubuta.